DARAR KASUWA: ABIN DA MASAƘUN KAKURI SUKA KOYA MANA

Duk wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya wuce tashar jirgin ƙasa ya shiga Kakuri, zai tarar da waɗansu manya-manyan gine-gine sun yi tsit. Dā can ba haka suke ba. Cikin 1957 ne Gwamnatin Jihar Arewa, zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta haɗa gwiwa da wani kamfani na Ingila mai suna David Whitehead and Sons, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles. Ba a daɗe ba sai ga Nortex, da Arewa Textiles, da United Nigerian Textiles. In aka tashi aiki, dubban ma'aikata ne ke cika hanya, mai abinci ta sayar, mai gidan haya ya karɓa. Amma Kaduna Textiles ta tsaya cikin 2002, United Nigerian Textiles kuwa ta rufe cikin 2007.

Dalilan da aka saba kawowa su ne ƙarancin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da tsufan injuna, da yadin fasa-ƙwauri mai shigowa ta iyakar Nijar da ta Binin. Duka gaskiya ne. Amma na ƙarshen nan shi muke so mu duba, gama akwai abin mamaki cikinsa. Yaya aka yi 'yan kasuwa masu wayo suka taru suka sare reshen da suke zaune a kai?

Akwai wani ilmi da ke ba da amsa. Masana na kiransa ilmin dabarun wasa, mu kuwa sai mu ce ilmin dara, don mai dara ba ya ɗaga ɗa ya sa a gurbi sai ya tuna abin da abokin wasansa zai yi. John von Neumann da Oskar Morgenstern su suka kafa shi da littafin da suka buga a Amurka cikin 1944. Cikin 1950 wani saurayi, John Nash, ya ƙara masa ƙarfi, har aka ba shi kyautar Nobel cikin 1994. Daga aikinsa aka gane mutane na iya maƙalewa cikin halin da ke cutar kowa, amma ba wanda zai amfana in ya sake hali shi kaɗai.

Ga misalin da masana ke bayarwa. An kama ɓarayi biyu, aka raba musu ɗaki. Aka ce wa kowanne: in ka tona abokinka shi ya yi shiru, a sake ka, shi ya sha shekara goma. In duk kun tona juna, shekara biyar-biyar. In duk kun yi shiru, shekara ɗai-ɗai. To, kowanne ya yi lissafi ya ga ko me abokinsa ya yi, tonawa ta fi masa. Sai duka biyu suka tona, suka sha biyar-biyar, alhali da sun yi shiru da shekara guda sun fito. Dara ta ci gida ke nan.

Haka abin yake ga mai sayar da yadi. Ya ce a ransa, in maƙwabcina ya kawo na fasa-ƙwauri mai araha ni ban kawo ba, ya kwashe mini masu saye. In kuwa bai kawo ba, ni na kawo, na kwashe nasa. Kowa ya yi wannan lissafi, kowa ya kawo. Ribar ta daidaita, ba wanda ya fi wani, masaƙa kuwa ta mutu. Ma'aikacin da dā ke sayen atamfar salla ya rasa albashi, manomin auduga na Funtuwa da Gusau ya rasa mai saye, ciniki ya faɗi a kan kowa.

Shin akwai magani? Akwai. Cikin 1980 Robert Axelrod na Jami'ar Mishigan ya gayyaci masana kowa ya aiko da dabararsa, ya sa kwamfuta ta kara su da juna, ba sau ɗaya ba, sau ɗari biyu-biyu. Dabarar da ta ci ta Anatol Rapoport ce, ita ce kuwa mafi sauƙi: ka fara da alheri, sa'an nan ka yi wa mutum abin da ya yi maka na baya. In ya cuce ka ka rama, in ya komo ga gaskiya ka yafe nan take. Watau matuƙar za a sake gamuwa gobe, amana ta fi zamba riba. Wannan ba baƙo ba ne gare mu. Fatake sun daɗe suna barin kayansu hannun dillali ba takarda, don ya san in ya ci amana sau ɗaya, baɗi ba mai sauka gidansa.

Saboda haka aikin shugaba ba wa'azi kaɗai ba ne. Shi ne ya gyara ƙa'idar wasan, har gaskiya ta zama ita ce mai riba. Na fari, ya sa a riƙa ganin wanda ya yi aiki da wanda ya yi ha'inci, gama zamba a duhu take ƙiba. Na biyu, ya cika alkawarin lada a kan kari. Ma'aikatan Kaduna Textiles sun yi shekara da shekaru suna bin hakkinsu na sallama, kuma duk lebura da ya ga haka ya koyi karatun da ba shi da kyau. Na uku, kada ya ba da lada ta hanyar da za ta sa ma'aikata su riƙa yi wa juna zagon ƙasa.

Malaman makaranta da akawunan ofis, wannan magana ta shafe ku. Wanda ya ga mai zuwa a makare da mai sammako albashinsu ɗaya, yabonsu ɗaya, gobe shi ma sai ya makara. Kafin ku zargi halin mutane, ku dubi yadda aka kasa darar tukuna. Allah ya sa mu gane, amin.