Kafin ka kira mai inji: abin da sare bishiyar gida ke ci

A ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da bedi ba, ko a tsakar gida ko a ƙofar zaure. Wannan bishiya, wadda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, asalinta daga Indiya take, kuma ta samu karɓuwa a ƙasar Katsina saboda juriyar fari da saurin girma. Saurin girman nan shi ne kan jawo matsala daga baya. Dashen da aka kafa dab da katanga, bayan shekaru sai a ga saiwarsa ta tsaga harsashin ɗaki ko ta kutsa cikin masai, rassansa kuma sun rufa a kan kwano. Daga nan maigida ya shiga tambayar nawa za a sare masa.

Aikin ba shi da tsayayyen farashi, jinga ake yi. Abin da mai sara ya fi dubawa kuwa shi ne inda bishiyar za ta faɗi, kafin ma ya dubi kaurinta. Wadda ke fili, sara ɗaya ake yi mata daga gindi a kayar. Wadda ɗakuna suka kewaye, dole a hau ta, a riƙa datse rassa ɗaya bayan ɗaya ana ɗaure su da igiya ana saukewa a hankali. Wannan yana buƙatar mai hawa, da masu riƙon igiya, da yini guda ko fiye, kuma kowa da ladansa. In da inji za a yi, sai a ƙara da kuɗin mai, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023.

Abu na biyu shi ne irin itacen. Bedi da marke suna da kasuwa wurin masu faskare da masu abinci, ƙirya kuma maƙera da masu sassaƙa turmi ke nemanta. Saboda haka sau da yawa ana daidaitawa mai sara ya ɗauki itacen a bakin ladansa, wani lokaci ma shi zai yi ciko. Kuka kuwa jikinta taushi gare shi kamar soso, ba ta katako, ba ta wutar kirki, don haka duk ɗawainiyar a wuyan maigida take. Kada a yi cinikin sara kafin a san darajar itacen, domin mai yiwuwa abin da za a kwashe ya fi ladan aikin.

Akwai kuma kuɗaɗen da ba a cika ambatonsu a wurin ciniki ba. Tonon kututture aiki ne daban, kuma in aka bar na bedi sai ya sake tofo. Kwashe rassa da amalanke shi ma da kuɗinsa. Mafi nauyi shi ne ɓarna: reshe ɗaya ya kuɓuce ya rushe katangar maƙwabci, kuɗin bulo da siminti sun ninka na saran. Ya kamata tun farko a yi magana a gaban shaidu kan wanda zai ɗauki asarar in ta auku. In wayar lantarki ta ratsa ta cikin rassan, a sanar da ma'aikatan kamfanin wutar lantarki na KEDCO su yanke wuta kafin kowa ya hau.

Haka nan a tabbatar da haƙƙin mallaka. Bishiyar gidan gado ta magada ce duka, wadda ke kan iyaka kuma sai da yardar maƙwabci, mai unguwa na shaida. Yana da kyau a tuntuɓi malamin daji na ƙaramar hukuma, musamman kan itatuwa masu amfani irin su tsamiya, ɗorawa da gawo. Katsina na cikin jihohi 11 da ke fuskantar kwararowar hamada, waɗanda hukumar shirin Babbar Koriyar Ganuwa da aka kafa a 2015 ke aiki a cikinsu, don haka hukuma ba ta ɗaukar saran itace da wasa.

Lokacin aikin ma yana shafar farashi. Wanda ya yi shi da rani yana da damar tayawa da jin ta bakin masu sara biyu ko uku. Wanda ya bari sai iskar farkon damina ta karkato bishiyar kan ɗaki, duk abin da aka yanka masa shi zai biya.

Sau da yawa ma ba sai an kayar da bishiyar ba. Rage rassan da suka hau rufi duk bayan 'yan shekaru ya fi araha nesa ba kusa ba, ga ganye ga itacen girki, inuwar da iyali ke fakewa da zafin bazara kuma tana nan. In kuwa saran ya zama dole, a dasa wata a madadinta, amma a ba ta tazara mai kyau daga gini da masai, don kada 'ya'ya su gaji biyan kuɗin da uba ya biya.