Gaisuwa a bakin biro

Bafaranshe yana da «vous» don babba ko baƙo, «tu» don aboki da yaro. Ladabin Bahaushe kuwa ya wuce kalma guda: yana cikin «ranka ya daɗe», «malam», «baba», «inna», da tambayar kwana, gajiya da iyali. In aka gai da Bazabarme ya amsa «baani samay», Bafillace «jam tan», wato lafiya lau.

A biro ne abin ke ɓaci. Dattijo ya taso daga ƙauye neman takardar haihuwar ɗansa, ma'aikaci ya tarbe shi da «mi kake so?». A zatonsa «que voulez-vous» ya fassara, alhali girmamawar da ke cikin «vous» ta zube a hanya. Dattijo ya tafi da ɓacin rai, wataƙila bai komo ba. Ko «monsieur» bai tsira ba: ya zama «mushe» a bakin ƴan lakwal, kowa kuwa ya san mushe a Hausa.

Zafin magana sai tsakanin taubasai: Bagobiri ya kira Bazabarme bawansa a yi dariya, haka Babarbare da Bafillace. UNESCO ta sa wannan wasa cikin gadon al'adun duniya a 2014.