Na'urar Gano Kifi da Ta Taswira: Wacce Ta Dace da Tafkin Bolta?

A wannan wata za mu leƙa bakin ruwa ne, wajen 'yan'uwanmu na Yeji da Makango da Kete Krachi da Dambai, masu kwale-kwale da masu zuba jari a harkar su. Akwai na'urori biyu da ake ɗora wa jirgi, ta gano kifi da ta taswira mai nuna hanya. Kafin mutum ya ƙirga sidi ya miƙa wa ɗan kasuwa, ya kamata ya san aikin kowace, ya kuma san irin ruwan da zai kai ta.

Tafkin Bolta daji ne da ruwa ya shanye bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965, faɗinsa kuwa ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,500. Ba a sare itatuwan ba kafin ruwa ya taru, don haka da yawansu suna nan tsaye a ƙarƙashi, suna yaga taru, suna fasa jirgi, sun kuma sha cin rayuka. Ga shi ruwan yana hawa yana sauka. A Akosombo ana auna shi tsakanin ƙafa 240 da ƙafa 278, wato tazarar ta wuce mita 11. Kututturen da jirgi ya ratsa ta kansa lafiya bayan damina, shi ne zai tare shi da bazara.

Ita na'urar gano kifi da sauti take aiki. Tana da wani ɗan kunne da ake kafawa a bayan jirgi cikin ruwa. Shi ke tura sauti ƙasa, ya saurari dawowarsa. Sauti yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, da wannan lissafi na'urar ke faɗin zurfi. Jakar iskar da ke cikin kifi, kamar karfasa ko giwan ruwa, tana mayar da sauti da ƙarfi, sai kifin ya fito a allo kamar ɗan baka. Amma fa kunnen da aka saba sayarwa ƙasa kawai yake dubawa. Idan buɗinsa digiri 20 ne, a zurfin mita 9 abin da yake gani bai wuce da'ira mai faɗin mita 3 da ɗoriya ba. Kututturen da ke gaban jirgi ba zai gan shi ba sai an hau kansa. Duk wanda ya ce maka na'urar nan za ta hana ka karo, bai gaya maka gaskiya ba.

A nan ne na'urar taswira take da rana. Tana karɓar saƙon taurarin ɗan'adam na GPS, ta nuna inda jirgi yake, kuskurenta bai wuce 'yan mitoci ba. Tana ajiye sawun hanyar da ka bi, kana kuma iya sa alama a duk inda ka ga kututture ko ka shimfiɗa taru ko mamari. Ranar da hazon hunturu ya rufe gaɓa, ko dare ya riske ka, sai ka bi sawunka ka koma gida. Saboda kuskuren 'yan mitocin nan, sai a riƙa ba alamar kututture tazara sosai.

Shawarata ita ce mai kwale-kwale ya sayi guda ɗaya wadda ta haɗa aikin biyu. Kada ya biya kuɗin katin taswira sai ya sa an kunna masa, ya ga yankinsa da idonsa, domin taswirar da aka zana don tafkunan Amurka ko gaɓar Turai ba ta san Yeji ba. Kamfanonin Garmin da Lowrance da Humminbird duk suna da samfuran da ke zana taswirar zurfi da kansu yayin da jirgi ke tafiya, irin wannan ce ta dace da mu.

Sauran abubuwan dubawa su ne waɗannan. Ga ruwa marar zurfi ƙwarai irin na tafki, kunne mai kilohaz 200 ya wadatar. Mai kilohaz 50 na masu shiga teku ne daga Tema ko Elmina. Sauti ba ya ratsa katako da kyau, saboda haka a kafa kunnen a wajen jirgi, nesa da kumfar farfela, a kan maƙali mai ɗagawa idan ya bugi itace. Allo mai inci 5 da ake iya karantawa cikin rana ya fi babba mai dishi-dishi da cin wuta. A duba alamar IPX7, wadda ke nuna ruwa ba ya shiga cikinta da sauƙi. Tana aiki da batir mai bolt 12, injin da ake tayarwa da igiya kuwa sau da yawa ba ya cajin batir, don haka a sa kuɗin batir da ɗan faifan sola cikin lissafi. A kuma tambayi mai kanti ko yana da kunne da waya na canji, domin su ke fara lalacewa.

Daga ƙarshe, na'ura sabuwa fanko ce, ba ta san komai game da tafkin ba sai abin da aka zuba mata. A ɗauki dattijon da ya san ruwa, a fita da rana lokacin da ruwa ya ja baya, ya riƙa nuna kututture da tsohuwar hanyar kogi, yaro mai karatu yana sa alama. A kwafe alamomin a littafi, a ba maƙwabcin jirgi shi ma ya amfana. Rigar ceto kuwa kada a bar ta a gida don an sayi na'ura.

Allah Ya kiyaye mu a ruwa da tudu, amin.