Darasin Zaɓi Da Lissafi A Ƙananan Sakandaren Abuja: Wa Ke Cin Lokacin Wa?

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da sabuwar manhaja a farkon shekarar karatu ta 2025/2026, ɗalibin ƙaramar sakandare yana da darussa 12 zuwa 14 a gabansa, ana fara aiki da su daga aji ɗaya. Turanci da lissafi suna nan daram, babu mai tsallake su. Faransanci da Larabci ba dole ba ne. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne darasin sana'a, inda kowane yaro zai zaɓi ɗaya cikin shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar salula, ko noman lambu da amfanin gona. A Abuja, daga Garki zuwa Kubwa har Abaji, iyaye da yawa ba su ƙi tsarin ba, amma suna da fargaba guda: yaron da lissafi ke kayarwa, ina ya ga lokacin koyon ɗinki? Kuma kowa ya san abin da ake yi idan sakamakon zango ya fito da jan biro a gurbin lissafi. Abin da ake fara yankewa shi ne wasanni, da kulob ɗin kimiyya ko na muhawara, da duk darasin da aka ce na zaɓi ne, a cike gurbinsu da lesin. Ra'ayina shi ne wannan ciniki ne mai ƙarancin riba. Darasin zaɓi ba shi ne ke kashe lissafi ba, ba kuma shi kaɗai zai raya shi ba. Amfaninsa ga lissafi ya dogara ne kan ko malamai sun haɗa su biyun da gangan.

A fara da hujjar masu lesin, domin ba maganar banza suke yi ba. An taɓa gwada shawararsu a aikace a gundumar Miami-Dade ta Amurka, inda aka riƙa ba yaran aji shida da suka gaza wani maki darasin lissafi biyu a rana, a madadin darasin zaɓi kamar kiɗa, zane ko motsa jiki. Wani masani mai suna Eric Taylor ya bi sawun yaran, ya wallafa abin da ya gano a 2014. A ƙarshen shekarar farko lallai sun fi takwarorinsu maki. Amma da suka koma darasi ɗaya kamar kowa, tazarar ta ragu da kusan rabi cikin shekara guda, bayan shekara biyu kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne ya saura. Darasin da aka hana su kuwa ya tafi ke nan. Gaskiya ne a birnin Chicago, inda aka ninka darasin aljabara ga masu rauni daga 2003, an ga amfanin da ya daɗe, har ya kai ga ƙaruwar masu kammala sakandare. Sai dai a can ba awa kawai aka ƙara ba. An haɗa yaran da ƙarfinsu ya zo ɗaya, an horar da malamai, an sa ɗalibai su riƙa bayyana yadda suka warware tambaya da bakinsu da kuma a rubuce. Lesin ɗin da aka saba yi a nan bayan an tashi, da rana tsaka, ga yunwa ga gajiya, yawanci malamin safe ne ke maimaita abin da ya rubuta a allo, da irin bayanin da yaron bai gane ba tun farko.

To amma kada mu tsallaka ɗaya ɓangaren mu ce duk wani aikin hannu ko wasan ƙwaƙwalwa yana kaifafa lissafi. Wannan ma zato ne da gwaji bai gaskata ba. A Ingila an koyar da wasan dara na Turawa, wato ces, ga 'yan shekara 9 zuwa 10 a wani gwaji da ya haɗa makarantu 100, kuma sakamakon da ya fito a 2016 bai nuna wani bambanci a makin lissafinsu ba. Abin da ya fi kusa da mu shi ne binciken da mujallar Nature ta buga a 2025, wanda masana Abhijit Banerjee da Esther Duflo suke cikin marubutansa. Sun gwada yara fiye da 1,400 masu sayar da kaya a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya. Yaran suna haɗa kuɗin kaya su ba da canji da ka, cikin sauri kuma daidai, amma da aka rubuta musu irin wannan lissafin yadda yake a littafin makaranta sai yawancinsu suka kasa. 'Yan makarantar da ba su taɓa ciniki ba kuma suka yi akasin haka: sun iya a takarda, sun rikice a kasuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Wuse ko ta Gwagwalada ya ga yarinya tana ƙirga canjin mutum uku a lokaci guda ba zai yi mamaki ba. Ita ce kuma za a iya samu da maki 30 a lissafin aji biyu. Ƙwarewar ba ta ƙaura da kanta daga tebur zuwa allo.

Inda aka ga ta ƙaura, hannu aka sa aka ɗauke ta. A tsakiyar shekarun 2000 wata cibiyar binciken ilimin sana'a a Amurka, ƙarƙashin James Stone, ta haɗa malaman noma, kanikanci, kasuwanci, lafiya da kwamfuta da malaman lissafi, kowane da abokin aikinsa. Aikinsu shi ne su tono lissafin da ke kwance cikin sana'ar, su koyar da shi a wurin aiki, sannan su kira shi da sunan da littafi ke kiransa, su rubuta shi yadda zai fito a jarrabawa. Ɗaliban waɗannan malamai sun fi sauran maki a biyu daga cikin gwaje-gwajen lissafi uku, kuma ƙwarewarsu a sana'ar ba ta ragu ba. 'Yan babbar sakandare ne, ba ƙarama ba, don haka ba za a kwafe sakamakon kai tsaye ba, amma dabarar ta fi dacewa ma da ƙananan azuzuwa, inda lissafin bai yi nisa da abin da hannu ke taɓawa ba.

A duba ɗinki. Yarinya ta sa tef ta auna ƙirji, ta samu inci 33. Don ta yanka ƙyallen da aka ninka, sai ta raba gida huɗu: takwas da kwata. Malama ta ce ta ƙara inci ɗaya da rabi na sakewa da bakin ɗinki, ya zama tara da kwata uku. Abin da ta yi yanzu shi ne tara 8¼ da 1½, wato ainihin abin da ke sa 'yan aji ɗaya gumi, domin sai an mai da rabi ya zama kwata biyu kafin a haɗa. A tef ɗin tana ganin haka da idonta, ga zanen kowane kwata a jere. Idan malamar ɗinki ta tsaya nan, yarinyar za ta iya yanka riga amma ta faɗi tambayar a jarrabawa. Idan ta ɗauki alli ta rubuta lissafin a allo da irin alamomin da malamin lissafi ya yi amfani da su ranar Litinin, to an haɗa. Haka sola. Gida mai ƙwan fitila huɗu na wat 10 da ke ci awa 5, da fanka mai wat 50 da ke juyawa awa 6, yana shan wat-awa 200 da 300, jimla 500 a rana. Idan ana samun rana mai ƙarfi ta awa 5, farantin sola mai wat nawa ake bukata? Wannan shi ne 5x = 500, aljabarar da yara ke cewa ba su ga amfaninta ba. Sai a ƙara kashi 30 cikin ɗari saboda asarar da ake yi a waya da batir da ƙurar hunturu, 100 ya koma 130. Mai kiwon kaji 50 da kowace ke cin giram 120 a rana zai gane da kansa cewa buhu mai kilo 25 ba zai wuce kwana huɗu da 'yan awoyi ba, kuma sai ya mai da giram kilo kafin ya gane.

Za a ce duk wannan a takarda ne, ina kayan aikin, ina malaman? Tambaya ce mai nauyi, tarihi kuma yana bayanta. Lokacin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin gabatarwar fasaha a ƙananan sakandare, aka sayo injuna daga ƙasashen waje, da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu wanda ya iya kunna su. Yara suka riƙa haddace sunayen zarto da guduma ba tare da sun riƙe su ba. An sake gyara manhaja a 2008, an rage darussa zuwa 10 a 2014, an sanar da sana'o'i 15 a 2024 kafin a dawo 6 a 2025. Mai shakka yana da dalili. Makarantar gwamnati a ƙauyen Kuje ko Kwali ba za ta samu abin da makarantar kuɗi a Maitama ke da shi ba. Amma abin lura shi ne haɗa sana'a da lissafi shi ne ɓangaren da ya fi kowanne arha. Tef ɗin awo, igiya, sikeli, tsohuwar jarida da za a yanka a madadin atamfa, fili bayan aji da za a auna a ja kunya: babu wanda ke bukatar janareta. Abin da ke da tsada shi ne awa guda a mako da shugaban makaranta zai ware wa malaman biyu su zauna su daidaita abin da kowa zai koyar a makon. Abin sha'awa, hukumar NERDC mai tsara manhaja da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa duk a Sheda suke, cikin ƙaramar hukumar Kwali, kan hanyar Lokoja. Idan maƙwabtan nan biyu suka fitar da ɗan littafin jagora mai nuna wane babin lissafi ya dace da wane aikin sana'a, sun sauƙaƙa wa malamin da ke fama da aji mai cunkoso.

Akwai yaran da wannan ba zai ishe su ba, kuma dole a faɗa. Yaron da ya shigo aji ɗaya bai iya raba 72 gida 6 ba, matsalarsa daga firamare ta taso. A Abuja abin ya ƙara tsanani a 2025, lokacin da malaman firamaren gwamnati na ƙananan hukumomi shida suka yi yajin aiki daga Maris zuwa Yuli kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Waɗanda suke aji shida a lokacin sun rasa fiye da wata uku, su ne kuma suka shiga ƙaramar sakandare daidai da sabuwar manhaja. Irin waɗannan suna bukatar ƙarin lokaci, babu musu. Sai dai ƙarin ya zama na komawa inda suka tsaya, ba na tura su gaba cikin babin da ajin yake ba. Akwai hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da ita, aka kuma gwada ta a firamaren Dawakin Tofa da Wudil a jihar Kano: a yi wa kowane yaro gajeren gwaji baki da baki, a raba su rukuni bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, a yi ta aiki da tsinke da ƙirga har su haye, sannan a sake gwadawa. Wannan aiki ne na makonni, yana da farko yana da ƙarshe. Ba ya bukatar a raba yaro da darasin da ya fi so na tsawon shekara uku, wanda wataƙila shi ne kaɗai wurin da ake yaba masa a makarantar.

Ƙorafi na ƙarshe daga masu son lissafi don kansa yake fitowa, kuma shi na fi girmamawa. Suna cewa lissafi ya wuce awon riga, kuma idan aka saba wa yaro sai ya ga amfanin abu a hannu kafin ya koya, ba zai jure aljabarar babbar sakandare ba. Suna kuma tsoron kada darasin sana'a ya zama wurin da ake jibge 'ya'yan talakawa, a ce ai wannan kansa ba na boko ba ne, a tura shi kasuwar waya ta Banex ya koyi gyaran waya. Tsoron yana da tushe, musamman bayan sanarwar Oktoban 2025 da ta cire sharaɗin kiredit a lissafi ga masu neman karatun fannonin adabi a jami'a, duk da ma'aikatar ta biyo da bayanin cewa rubuta lissafi a jarrabawar kammala sakandare yana nan dole. Ɗan shekara 12 da ya ji rabin labarin zai iya ajiye biro tun yanzu. Amsar ita ce tef da batir mashiga ce kawai, kuma malamin kirki zai janye su a hankali: yau 5x = 500 da farantin sola, gobe 7x = 91 ba tare da labarin komai ba. Darasin sana'ar kuma na kowa ne a manhaja, da ɗan minista da ɗan mai gadi, bai kamata wata makaranta ta mai da shi hukuncin faɗuwa lissafi ba.

Saura yadda iyaye za su gane ko ana ci gaba. Makin da ke cikin katin sakamako haɗin gwajin aji ne da jarrabawar zango, kuma 55 ba ya faɗa wa uba ko ɗansa ya iya raba lamba ko kuwa aikin gida ne ya ɗaga shi. Kafin a biya kuɗin lesin, a buɗe littafin aikin yaron a ga irin kuskuren da yake maimaitawa. A miƙa masa takardar kuɗin wuta ko tef ɗin ɗinkin mahaifiyarsa, a ce ya lissafa, sannan ya rubuta yadda ya yi. A taron iyaye da malamai kuma a tambayi shugaban makaranta kai tsaye: malamin lissafi na aji ɗaya ya san abin da malamar ɗinki ke koyarwa a wannan zangon, kuma yaushe rabon da su zauna tare?