Ƙidayar Gungun Taurari na Farkon Zamani

Duk abin da ka hango can nesa a sararin samaniya, jiyansa kake gani, domin haske yakan daɗe a hanya. Ta haka na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba a 2021, ta nuna wani gungun taurari yadda yake shekara miliyan 290 kacal bayan samuwar sarari.

Buɗawar sarari takan miƙe hasken har ya zarce ja. Gwargwadon miƙewar, gwargwadon nisan. Sai dai ƙidayar tana da tarko: a 2023 wani gungu da aka ɗauka na farkon zamani ne, ashe ya fi kusa. Amma ko bayan tankaɗe, masu tsananin haske sun fi yawan da masana suka zata, kuma ana nan ana muhawara kan dalili.