Me Ya Sa Sifikar Laftof Ɗinka Ke Shaƙewa Ko Karkarwa?

Idan sautin laftof ɗinka ya fara shaƙewa ko yana wani "zirrr", kada ka yi saurin cewa sifika ta mutu. Da farko gano inda laifin yake: a manhaja ne, ko a jikin na'urar?

Gwajin ba shi da wahala. Saka iyafis ka saurari abin da kake ji ɗin nan. In a kunne ma sautin a shaƙe yake, to sifika ba ta da laifi. Gwada wata waƙar ko wani bidiyon, don wataƙila daga can aka ɗauko shi a lalace. Sai ka duba ko ka ƙure murya. Manhajoji irin su VLC suna bari a wuce kashi 100, kuma idan aka wuce ƙarfin da na'urar ke iya fitarwa, sai ta datse ƙololuwar sautin. Wannan datsewar ce kake ji kamar muryar mai mura. Rage murya, ka kashe zaɓin "Audio enhancements" a saitin sautin Windows, ka sabunta direban sauti.

In kuwa iyafis na fita tangaram, matsalar a jiki take. A cikin sifika akwai maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya da wani siririn tantani da ke kai da komo yana tura iska. Sauti mai kauri, irin na ganga, shi ya fi wahalar da tantanin, shi ya sa karkarwar ke fara bayyana a nan. Ƙurar hunturu kan taru a ramukan sifika, maganaɗisun kuma kan janyo ɓurɓushin ƙarfe. Goge ramukan da burushi mai laushi, ban da tsokana da allura.

Mayar da sautin gefen hagu kaɗai, sannan dama. Ka kuma danna murfin kusa da sifikar a hankali. In karkarwar ta tsaya, noti ne ya kwance ko roba ta saki. In gefe ɗaya ya ci gaba ko da ka rage murya, mai yiwuwa tantanin ya yage, sai canji.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi. Idan ƙasan laftof ɗin ya turo ko allon taɓawa ya ɗago, batir ne ya kumbura, kuma yana iya kamawa da wuta. Cire caji, kashe ta, kada ka danna ko ka huda, ka kai wa mai gyara.