Furen Sakura: Agogon Japanawa Ya Fara Gudu

A cikin watan Maris na kowace shekara, ma'aikatan hukumar kula da yanayi ta ƙasar Japan sukan je gindin wata itaciya da ke harabar wurin ibadar Yasukuni a birnin Tokyo, su dinga leƙen rassanta. Ranar da suka ƙirga fure biyar ko shida sun buɗe, sai a yi shela cewa sakura ta soma huda, watau sanyi ya yi sallama, bazara ta kama. Kada mai karatu ya ɗauka bazara ce mai zafi irin tamu. Tasu lokacin narkewar ƙanƙara ce da tohon itatuwa.

Daga nan sai bikin "hanami", watau kallon fure. Iyalai da abokan aiki sukan yi shimfiɗa a ƙarƙashin itatuwa, a ci a sha. Wasu kamfanoni ma sukan tura ƙaramin ma'aikaci tun da asuba ya kama musu wuri a lambun Ueno, ya wuni yana gadin tabarma. Gaggawar tana da dalili, domin furen ba ya wuce mako guda ko biyu sai iska ta kakkaɓe shi.

Al'adar ta daɗe ƙwarai. Tun shekarar 812 Sarki Saga ya shirya walimar kallon fure a Kyoto, kuma fadawa da malaman addini suka riƙa rubuta ranakun bikin. Wani masani, Yasuyuki Aono, ya bi waɗannan tsofaffin takardu ya tattara lissafin shekaru fiye da 1,200. Abin da ya bayyana ba mai daɗin ji ba ne. A da, furen Kyoto yakan cika ne wajen tsakiyar Afrilu, amma a 2021 ya cika tun ran 26 ga Maris, sammakon da ba a taɓa rubuta irinsa ba kafin wannan shekara. Masana sun ɗora laifin a kan ɗumamar duniya da zafin da manyan birane ke tarawa.

Wannan fa ba ƙaramar magana ba ce ga Japanawa. A Afrilu ake buɗe makarantu, a cikinsa sababbin ma'aikata ke kama aiki. Iyaye sun saba ɗaukar hoton yaro a ƙofar makaranta ranar shigarsa aji ɗaya, fure na saman kansa. Yanzu kuwa a wasu shekarun, kafin ranar ta zo a Tokyo, furen ya riga ya zube, sai ganye.